Baba Gad da Shagon da Ya Hana Mu Shiga

Duk wanda ya shiga motar Legas daga Kafanchan a 'yan shekarun nan ya san usur ɗin Baba Gad. Direba ya gama ɗaure kaya, an yi addu'ar hanya, mota ta fara gangarawa, sai ka ji "fiiit!" daga bakin tasha. Ga Baba nan tafe da tsohuwar hularsa ta reluwe, ya ɗaga hannu sama kamar jirgin kaya zai tsayar. Direbobi sun yi faɗan har sun gaji, birki kawai suke takawa su kifa kai a sitiyari. Shi kuwa bawan Allah ba saƙo zai bayar ba, ba kuma rakiya ya yi ba. Zuwa ya yi ya gaya wa fasinjoji inda za su ci abinci idan sun sauka.

Ranar da na fara ganin abin da idona, ina kujerar baya zan koma aiki bayan hutun Kirsimeti. Baba ya zuro kai ta taga, ya ƙare wa mutane kallo, ya tsaya a kan wani saurayi da ke rungume da jaka.

"Kai mai jar riga, daga ina?"

"Daga Kwoi, Baba."

"Ka taɓa zuwa Ikko?" Shi har ya bar duniya bai taɓa ce wa garin Legas ba.

"A'a, Baba, yau ne farko."

"To buɗe kunnenka. Idan kifi kake so, ka tafi Obalende ka nemi Madam Kalaba, bayan masu facin taya. Farfesunta idan ka sha, murar da ka kwaso tun firamare sai ta fita. Ka ce kan kifi kake so, kada ta ruɗe ka da wutsiya. Idan tsire ne, Agege, gefen layin dogo, wurin wani dogon Bakatsine da ba ya dariya. Mai tsiren da ya cika dariya, ka duba namansa da kyau. Idan kuma amala ne, Ebute Metta, wurin Iya Ronke."

Sai ya rage murya, ya ɗaure fuska.

"Amma ka ji ni da kyau. A tsallaken Iya Ronke akwai wani shago mai koriyar ƙofa. Kada ka shiga. Idan ka sauka a bas-stof ka bi hannun dama, ka wuce kemis, ka wuce mai ɗinki, shi ne na gaba. Wai paten acca suke yi a ciki, da yakuwa da gauta, da wake mai riɗi da manja irin na gida. Wai ba sa ƙyashin nama. Suna buɗewa tun da safe, ban da ranar Lahadi. Ka gane wurin?"

"Na gane, Baba."

"Maimaita in ji."

Saurayin ya maimaita, ya manta da kemis, Baba ya sa shi ya sake daga farko.

"Yauwa," in ji Baba. "To nan ne ba za ka shiga ba. Direba, oya, Allah ya kiyaye hanya."

Mota ta kwashe da dariya tun kafin mu fita gari. Ni dai na ja ɗankwali na rufe fuska, don rabin motar sun san wan babana ne.

Ku 'yan gida kun san mai wannan shago. Ga waɗanda ba su sani ba, Istifanus ne, ɗan Baba namiji tilo. Ni kuma Alheri ce, 'yar ƙanin Baba, nas a Legas, wadda Allah ya ɗora wa jarrabawar raka shi gidajen abinci duk lokacin da ya zo. Sunan Baba na baftisma Bitrus. Amma tun yana gad a jirgin ƙasa, wato mai tuta da usur a taragon ƙarshe, sunan aikin ya cinye na gaskiya, har a majami'a idan za a ba shi addu'a "Dattijo Gad" ake cewa.

A taragon nan ya yi ƙuruciyarsa, yana kallon injiniyoyi suna zuwa da farar hular kwano ana buɗe musu ƙofar mota. Tun Istifanus yana rarrafe Baba ya yanke cewa injiniya ne. Ya tura shi makarantar fasaha a Kaduna, ya kama noman citta bayan ritaya don kada yaro ya rasa komai. Ashe shi gogan naku tukunya ya samu a can. Ya fara da dafa wa abokan ɗakinsa, aka koma ɗalibai suna layi da kwano a ƙofarsa. Saura kaɗan ya gama sai ya dawo gida ya ce shi fa ya ga hanyarsa, Legas zai tafi ya buɗe wurin abinci.

"Injiniya na aika," in ji Baba, "aka dawo mini da kuku?"

Mama Rifkatu, matarsa, ta ce, "Baban Istifanus, a jirgin naku wa yake dafa muku abinci? Ba maza ba ne?"

"Maza ne. Amma ba ni na haife su ba."

Yanzu muna dariyar wannan, amma a lokacin ba wanda ya yi dariya. Da safen da zai tafi, Istifanus ya durƙusa a gaban Baba kamar yadda kowane ɗa yake yi idan zai bar gida, yana jiran a ɗora masa hannu a ka a sa masa albarka. Baba ya dube shi, ya mayar da hannuwansa biyu baya, ya ce, "Ka tafi, ban hana ka ba. Amma hannuna ba zai hau kanka a kan wannan aiki ba, abincinka kuma ba zai shiga bakina ba." Ya juya ya tafi wurin awakinsa. Istifanus ya daɗe a durƙushe kafin Mama ta zo ta ɗaga shi.

Ba wai sun daina gaisawa ba ne. Istifanus yana zuwa Kirsimeti, ya yi aure, ya kawo jikoki, Baba yana goya su yana hura musu usur. Amma muddin Istifanus ya taɓa tukunya a gidan, ranar Baba gyaɗa da rake zai ci ya kwanta. Shago ya kafu, mutane suna cika, amma ni da nake kusa na san abin yana cin Istifanus a rai. Ya taɓa ce mini, "Sista, duk wanda ya ce abincina ya yi daɗi ina ce masa na gode, amma ba shi nake jira ba." Ko allon suna ya ƙi kafawa a ƙofar. Ya ce ba zai rubuta sunan gidanmu a kan abin da mai sunan bai yarda da shi ba.

Su kuwa mutanenmu, ka ce musu kada su shiga wuri, ka kuma ba su kwatance har da kemis? Ai daga tasha can suke wucewa da jakunkunansu. Idan sun dawo kuma sai su zo neman gafara. Wata Lahadi bayan sujada wani malamin makaranta ɗan Kauru ya same shi a gindin mangwaron majami'a, ya cire hula.

"Baba, ka yi mini gafara. Na shiga."

"Ka shiga ina?"

"Koriyar ƙofa."

"Kai! Malami guda ba ka jin magana? To me za ka koya wa yara?" Baba ya yi tsaki, ya juya kamar zai tafi, sai ya dawo. "Me ka ci?"

"Pate, Baba."

"Da kauri ko tsululu?"

"Daidai, Baba."

"Gautan ya yi ɗaci?"

"Kaɗan, yadda ake so."

"Mutane fa, akwai?"

"Sai da na jira kujera."

"Shi mai shagon, ya rame?"

"Ina! Har tumbi ya fara."

Baba ya gyaɗa kai, bakinsa yana so ya yi murmushi, shi kuma yana hana shi. Can ya ce, "To kada ka sake. Yaushe za ka koma?"

Zuwansa Legas kuwa kullum dalilin ɗaya ne: "Ana tantance 'yan fansho." Abokansa na reluwe suna zaune a Kafanchan ba wanda ya kira su, shi kaɗai ake ta tantancewa, wata shekarar ma ba sau ɗaya ba. Zai sauka a gidana da buhun acca, da busasshiyar yakuwa, da citta, da riɗi, da doya, kaya dai har sai mai keke ya yi ƙorafi.

"Baba, ni da maigidana ne kawai a gidan nan. Yaushe za mu cinye buhun acca?"

"Ke kika sani. Ni 'yata na kawo wa. Idan ta fi ƙarfinki, ai ba a zubar da abinci, zunubi ne. Amma ni ban ce ki kai wa kowa ba." Sai ya ɗan tsaya. "Accar bana ce. Ki gaya wa wanda ba za ki kai wa ba ya wanke ta sosai, akwai yashi."

Washegari sai yawon ciye-ciye, ni ce 'yar rakiya ko da daga aiki na sauko. Kuma gaskiya Baba ya san Legas ta ciki, duk inda ya yaba idan ka je za ka tarar da haka. Sai dai fita da shi abin kunya ne. Cokalinsa yana aljihun gaba kusa da biro, ruwansa yana gora daga gida. A wurin Madam Kalaba kan kifi ɗaya zai saya, ya bi shi lungu-lungu, ya tsotse ido, ya jera ƙayoyi a gefen faranti fes. Kyanwar shagon ma ta daina zuwa teburinmu, ta gane ba ta da rabo. Rannan sai ya zaro dafaffiyar doya daga leda zai tsoma a romo. Madam ta zo ta kama ƙugu, ta ce masa da Turancin kasuwa nan gidan abinci ne, ba a zuwa da doya daga gida, ita ma tana sayarwa.

"Madam, doyarki ta sha mota ta gaji. Wannan daga Kafanchan take."

"Ita taka a jirgin sama ta zo? Ba motar ta sha ba?"

"Motar ta sha. Amma a kujerar gaba ta zauna, tare da ni."

Madam ta gutsuri doyar ta ɗanɗana. Daga ranar duk zuwansa sai ta tambayi rabonta.

Amma duk inda muka zaga, a Ebute Metta muke ƙarewa. Iya Ronke ta girma a kwatas ɗin reluwe na Zariya, Hausarta ta fi tawa. Shagonta ɗan ƙarami ne, benci da tebur da hayaƙi, da wata jar miya mai barkonon da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Baba kuwa ga olsa, kuma tun asali ba ya son amala. A gida ya sha cewa shi tuwon da ya yi baƙi tun bai ƙone ba bai yarda da shi ba. Duk da haka zai je ya zauna a bencin bakin ƙofa mai fuskantar titi, idan ya tarar da wani a wurin ya tsaya a kansa har sai ya matsa. Ya yanki loma, ya haɗiye, idonsa a tsallake, hawaye suna zuba.

"Baba, lafiya?"

"Barkono ne."

Wani lokaci kam barkonon ne da gaske. Istifanus ya san yana nan. Yakan fito bakin ƙofarsa kamar yana duba wani abu, ya ɗan rusuna daga nesa. Baba sai ya ɗaga hannu kaɗan, yadda idan an tambaye shi zai ce ƙuda ya kora.

Wata rana wani mai ƙaton ciki ya shigo yana ba abokinsa labari da ƙarfi, wai ya gwada abincin 'yan Arewan can na tsallake, wani abu ne kamar kunun jarirai da ganye a ciki, shi bai ga abin da ake yi wa layi ba. Na ga kunnen Baba ya motsa. Na kama masa riga, ya fizge. Ya miƙe da miya a hannu, ya juye zuwa Turancinsa na reluwe.

"Malam, ka san acca? Ka san wahalar da ake sha kafin a raba ta da yashi? Mai shagon can a hannun uwarsa ya koya, uwarsa kuma ita ce ke riƙe da tukunya duk ranar da Zumuntar Mata suka yi babban taro! Harshenka ne barkono ya kashe, ba abincinsa ba!"

Mutumin ya tsorata, ya ce, "Sori, Baba, sori. Ashe kai kwastomansa ne. Kullum a can kake ci?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Ban taɓa ba."

Iya Ronke ta yi dariya har ludayi ya suɓuce mata a cikin miya.

Sau ɗaya muka yi kuskuren kai shi wurin manya. Maigidana ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ya ce lalle sai ya kai surukinsa Lekki, wani gidan abinci a bakin teku inda ake jin ruwa yana dukan katanga, ma'aikatan ma sun fi mu kyan kaya. Baba ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki. Aka kawo faranti mai faɗin tire, a tsakiya ɗan yankin kifi, an ɗiga masa miya a gefe an ɗora ganye ɗaya a kai. Baba ya duba, ya ɗauka ya cinye, ya ce wa mai kawo abincin, "Na ɗanɗana, ya yi. Ku kawo."

Da aka fahimtar da shi cewa abincin ke nan, ya juya ya kalli teku ta gilashi ya ce, "Ga kifi har ƙofar gida, amma ana rowarsa." Sai ya ce a kira masa wanda ya dafa. Maigidana ya fara zufa a cikin sanyin esi. Ni kuwa na san Baba ba ya jin kunyar kowa, na fara duba inda zan ɓuya.

Sai ga wani matashi ya fito da doguwar farar hula da riga fara tas, ma'aikata suna matsa masa hanya, wasu Turawa a teburin kusa har da tafi. Baba ya ga haka, ya fasa faɗan da ya shirya. Ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi da Turanci.

"Ɗana, ka yi makaranta?"

"Na yi, sa. Aikin lauya na karanta."

"Lauya! Kana dafa kifi? Babanka ya sani?"

"Ya sani, sa. Da farko ya yi fushi sosai. Amma ranar da na fara aiki a nan shi ya fara zuwa ya ci. Bara ya rasu."

Baba ya ce, "Allah ya ji ƙansa," ya sallame shi. A mota, da muka hau doguwar gada, sai ya ce, "Kifin sef ba laifi. Ƙanƙanta ce kawai." Muna isa gida ya ce in jiƙa masa gari, yunwa yake ji.

Zuwansa na ƙarshe ba maganar fansho. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya idan ya ɗan yi tafiya. Mama ta kira ni ta ce in zo in ɗauke shi, ko yana so ko ba ya so. Aka yi masa gwaje-gwaje. Likita ya yi masa bayani a hankali: zuciya ce ta gaji, a rage gishiri, a bar mai, barkono kuwa ko a mafarki. Ni nas ce, na ga hoton zuciyar, na san abin da likita bai faɗa ba. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na kira Istifanus na gaya masa gaskiya, cewa idan akwai abin da yake jira daga wurin Baba, lokaci ya ƙure.

Muna fitowa Baba ya ce, "Ebute Metta."

"Haba Baba! Yanzu fa dokta ya gama magana!"

"Gaisuwa kawai zan yi wa Iya Ronke."

Gaisuwar kuwa ta ƙare da faranti a gabansa. Na yi faɗa, na yi roƙo, na ce zan kira Mama, ya wanke hannunsa abinsa. Ya yanki lomar farko ke nan sai wani ya tare hasken ƙofa. Istifanus ne. Ya cire rigar kicin ya tsallako titi, abin da bai taɓa yi ba duk shekarun nan. Ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Yaya jiki?" Bai zauna ba, bai kuma tafi ba, ya tsaya kawai a gefen tebur.

To kun san mu. Mutumin wajenmu ba ya kai loma baki wani yana tsaye a kansa bai ce masa ya zo su ci ba, ko da wanda suke shari'ar gona da shi ne. Baba kuwa dattijon ikilisiya ne, a kan haka ya rene mu duka. Loma tana hannunsa, miya tana ɗiga. Ya dube ni, na kalli silin. Ya dubi Iya Ronke, ta juya tana goge tukunyar da ba ta da datti. A ƙarshe ya dubi kalandar da ke bango ya ce mata, "Zo mu ci."

Kalanda dai ba ta amsa ba. Istifanus ya wanke hannu ya zauna.

Faranti ɗaya, uba da ɗa, rabonsu da haka tun kafin a tafi makarantar Kaduna. Kuma ashe shi ma Istifanus ba ya iya barkonon Iya Ronke. Wannan ya yi tari, wancan ya ja hanci, su biyun hawaye shaɓe-shaɓe. Ni ma da ban ci komai ba idona ya cika.

Iya Ronke ce ta gaji. Ta zo ta janye farantin daga tsakaninsu.

"Baba Gad, ka ishe ni haka. Shekara da shekaru kana zuwa kana wulaƙanta mini abinci, ka ci rabi ka bar rabi, idonka a titi. Ga 'yarka ta ce ba ka da lafiya, so kake ka faɗi a bencina a ce ni ce? Tashi ka je ɗanka ya ba ka abinci."

"A Ikko har kwastoma ake kora?"

"Yau an fara."

Baba ya dafa tebur zai tashi, ƙafa ta ƙi. Istifanus ya miƙa masa hannu, ya kama. Haka suka tsallaka titin nan a hankali, motocin haya suna ta hon, wani kwandasta yana zagi, Baba bai ko kalle shi ba. Ni ina biye da ledar magunguna, ina tsoron kada ya kai ƙofar ya ce ya fasa.

Bai fasa ba. Bai ma zauna a teburin kwastomomi ba, ya wuce kicin kai tsaye, ya samu kujera 'yar tsugunno ya zauna kamar a gida. Istifanus ya ɗora ƙaramar tukunya da kansa ya yi masa pate sabo, gishiri kaɗan, ba barkono, yakuwa da gauta da 'yar dakakkiyar gyaɗa. Ya miƙa masa kwanon. Baba ya kai cokali na farko, ya riƙe a baki, ya rufe ido. Ya kai na biyu. Bai ɗago ba sai da ya kankare kwanon muna jin ƙarar cokali.

"Haka kake yin sa tun da ka zo garin nan?"

"Haka ne, Baba. Idan gishiri ya ji ma ya fi haka."

"Kai!" in ji Baba. "Na cuci kaina. Ina can tsallake ina ƙona hanjina a banza."

Muka yi dariya, har da matan da ke wanke-wanke. Shi kuwa bai yi ba. Ya ajiye kwanon ya ce, "Kawo hannunka in gani." Istifanus ya miƙa duka biyu. Baba ya juya su gaba da baya, duk tabon mai da yankan wuƙa, wani tsoho wani sabo. Ya shafa su da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

"Durƙusa," ya ce.

Istifanus, mai mata da 'ya'ya da furfura a gemu, ya zube a kan jiƙaƙƙen simintin kicin. Baba ya ɗora masa hannu biyu a ka. Ya ce, "Ya Uba, ga yaron nan. Na riƙe abin da yake nasa, na hana shi, ka gafarta mini. Ka sa albarka a kansa, da hannuwan nan, da wutarsa da tukunyarsa, da duk wanda zai ci daga nan." Daga Hausa ya koma yarenmu, ya ci gaba, don addu'ar Baba dama ba ta da birki. Kwastomomi suka ji kicin ya yi tsit suka leƙo, Yarbawa da Ibo da 'yan gida, wasu da cokali a hannu. Yawancinsu ba su san me ake cewa ba, amma da ya kai ƙarshe shagon gaba ɗaya ya ce amin.

Istifanus ya kasa tashi, ya kifa kai a gwiwar Baba yana kuka da ƙarfi. Baba yana bubbuga bayansa yana cewa, "Ya isa, ya isa. Tashi ka duba tukunya, ina jin ƙauri."

Bayan haka bai daɗe ba. Ya koma Kafanchan, ya ga an haƙe cittar bana. Da jiki ya tsananta Istifanus ya bar wa matarsa shagon ya zo gida, shi ke dama masa kunu yana ba shi a baki. Wata rana da hantsi, Mama tana gefensa, Baba ya yi barcinsa bai farka ba. Ina kewarsa ƙwarai, har da taurin kan da ya sha sa ni kuka.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bitrus, ka ba shi hutawa a wurinka. Ka ta'azantar da Mama Rifkatu, ka riƙe Istifanus da gidansa. Mu kuma da muka rage, idan akwai wanda yake durƙushe yana jiran wata kalma daga bakinmu, ka ba mu ƙarfin faɗin ta tun muna da numfashi. Amin.